Takardun da Aka Binne a Yendi

Ni ba mai saurin cewa "tabbas" ba ne. Ko a gida Bawku an san ni da haka. In mahaifiyata ta tambaye ni ko na kulle ƙofar shago, sai in ce ina jin na kulle, sannan in koma in duba. Sau ɗaya tak na tuna na faɗi babbar magana ban jingina ta da "ina jin" ko "mai yiwuwa" ba, kuma ita ce ta zaunar da ni kusan mako uku a wani ɗaki a Salaga, daga ni sai faifai huɗu.

Da na gama karatun kwamfuta a jami'a, aka tura ni bautar ƙasa Salaga, wurin wata ƙaramar ƙungiya mai ɗaukar hotunan tsofaffin takardun ajami da na Larabci a gidajen malamai da jikokin fataken goro. Mu uku muka fara. Kafin shekara ta zagayo, shugabar aikin ta koma Kumasi, ɗayan ya sami aiki a Tamale, aka bar ni da makulli. Ofishin ɗaki ɗaya ne a bayan wani rumbun doya kusa da kasuwa. Akwai tebur, da fanka, da kujera biyu waɗanda ɗaya ba a taɓa zama a kanta ba, sai kwamfutar da muke zuba duk hotunan a cikinta, tana ƙarƙashin tebur tana huci.

A cikinta akwai faifan ajiya guda huɗu, an ɗaure su wuri ɗaya da tsarin da ake kira RAID. Ni na haɗa shi da hannuna, kuma na yi alfahari da shi fiye da kima. Yadda yake aiki shi ne, kowane hoto ana gutsuttsura shi a raba wa faifai uku, na huɗu kuma ya riƙe wani lissafi wanda da shi za a iya sake gano kowane gutsure ɗaya da ya ɓace. In faifai ɗaya ya mutu, sauran ukun za su rufa masa asiri, ba wanda zai ma lura. In biyu suka mutu, shi ke nan. Na san wannan tun a aji. Na kuma san ya kamata a sami kwafi na biyu a wani wuri dabam. Na rubuta hakan a jerin abubuwan da zan yi, ya daɗe a jerin.

A cikin gidajen da na je, akwai na wani tsohon malami a Yendi wanda kakansa daga Salaga ya tashi. Baba Malam muke ce masa. Idonsa ya yi rauni, amma kunnensa da bakinsa ba su tsufa ba. Ya fito mini da gafaka, ya sa na yi alwala kafin in taɓa, sannan ya ware wasu takardu arba'in da ɗaya da gara ta yi wa illa. In ka ɗaga ɗaya sai gefenta ya zubo kamar garin ƙuli. Rubutun kakansa ne: zangon da ayari ke sauka a hanyar goro, addu'o'in tafiya, da sunayen mutanen gidansu, wane ya haifi wane, wa ya rasu a hanya, a ina aka binne shi. Kwana uku na yi ina ɗauka. A rana ta ƙarshe na nuna masa a ɗan gilashin kyamara, ya kawo ido kusa har hancinsa ya taɓa.

"To, Injiniya," haka yake kirana in yana son tsokana, "yanzu ina za su kwana?"

"A na'urarmu ta Salaga, Baba Malam."

"In na'urar ta yi ciwo fa? Rediyona uku suka mutu a ɗakin nan."

"Wannan ba irin rediyo ba ce. An raba su faifai huɗu. Ba za su ɓace ba, Baba Malam. Ba za su taɓa ɓacewa ba."

Ya ce, "Madalla." Ya maida takardun cikin gafaka. Ni kuma na koma Salaga ta Bimbilla, na zuba hotunan a na'ura, na goge katin kyamara don in ɗauki na wani gida.

Faifai na biyu ne ya fara mutuwa, a tsakiyar damina in ban manta ba. Na ga sanarwar, na kira shugabar aiki, ta ce za ta aiko da sabo. Sai da aka yi wata biyu. Duk tsawon lokacin na ci gaba da aiki a kan faifai uku, tunda komai yana buɗewa kamar da. Kullum da safe in na kunna na'urar gabana yakan faɗi, in ta tashi sai in manta har gobe.

Ranar da sabon ya iso, wata Laraba ce, na sa shi da hantsi na umarci tsarin ya sake gina abin da mataccen ya tafi da shi. Abin da ban yi tunani a kai ba, ko kuma na yi amma na kawar da kai, shi ne ginin nan sai an karanta kowane lungu na sauran ukun. Su kuwa rana ɗaya aka saye su, zafi ɗaya suka sha a ƙarƙashin tebur ɗaya, tare suka tsufa. Ana gab da kiran azahar, aikin ya kai kamar kashi biyu cikin uku, sai na ji wani ƙas, ƙas, daga ƙasa. Faifai na uku ya ci karo da wurin da ba ya karantuwa, tsarin ya fitar da shi. Allon ya nuna biyu cikin huɗu. Na danna jakar hotuna, ba ta buɗe ba.

Na je masallaci na dawo, na sake dannawa, kamar sallar za ta canza wani abu a cikin ƙarfe.

Washegari na lallashi kaina da cewa ai takardu na hannun masu su. In ta ɓaci sai in sake zagayawa gida gida da kyamara, in sha kunya, shi ke nan. Na fara kiran Baba Malam, saboda nasa ne suka fi lalacewa. Ban gaya masa gaskiya ba. Cewa na yi ina jin hasken wasu hotunan bai yi kyau ba, ko zan iya zuwa in ƙara ɗauka.

"Waɗanne? Na gara?"

"Su, Baba Malam."

"Ai mun yi musu sutura, ɗana. Tun kafin ruwa ya sauka."

Ban gane ba, sai da ya yi mini bayani. A gidansu, takarda mai sunan Allah in ta tsufa har tana zubewa, ba a barinta gutsurenta ya faɗi ƙasa a taka. Sai a kwafe ta a sabuwa, sannan a naɗe tsohuwar a farin ƙyalle a binne ta a wuri mai tsarki. Mahaifinsa ya rasu bai kwafe waɗannan ba. Shi kuma ya yi ta jinkiri har ido ya ƙi. Shekara da shekaru abin yana damunsa, duk lokacin da ya buɗe gafaka ya ga gari a ƙasanta. Da na zo na ɗauka, na kuma ce ba za su ɓace ba, sai ya ga sharaɗi ya cika, an kwafa. Ya sa aka haƙa rami a gefen masallacin ƙofar gidansa.

"Ka sauke mini kaya, Injiniya," ya ce. "In hasken bai yi ba, a haka za mu karanta."

Na ce to. Na yi masa sallama da ladabi. Na ajiye wayar a kan tebur, na zauna ina kallon ƙafafuna.

Ba wanda zan gaya wa a garin. Ba don mutanen Salaga ba su da kirki ba, suna da shi. Mai rumbun doya yakan leƙo ya ce yaya aiki, in ce da godiya. A masallaci ana gaisawa da ni ana tambayar mutanen Bawku. Amma in na ce faifai biyu sun faɗi daga tsari, me zan sa su yi da maganar? Shugabar aiki na gaya mata rabi, na ce ina bukatar ƙarin faifai biyu da gaggawa, ban ambaci ramin Yendi ba. Mahaifiyata kuwa takan kira bayan la'asar.

"Muryarka ta yi ƙasa. Kana cin abinci?"

"Ina ci, Mma."

"Me ka ci?"

Sai in ƙirƙiro mata tuwo da miyar ayoyo.

Kwana biyu na yi ina karanta abin da mutanen da ban sani ba suka rubuta a intanet, mutanen ƙasashe masu sanyi da irin wannan ta taɓa samu. Wasu sun ce akwai umarni ɗaya da zai sake ƙirƙiro tsarin a kan faifan nan, komai ya dawo nan take. Wasu sun ce umarnin nan shi ya kashe musu komai, don in ka kuskure jerin faifan ko girman gutsure, zai rubuta sabo a kan tsoho. Ranar Asabar da rana na rubuta umarnin a allo, harafi bayan harafi. Na duba shi sau biyar. Na ɗora yatsa a kan maɓalli. Ina son abin ya ƙare ne kawai, ko ta wace hanya.

Sai Hajiya mai gidan da nake haya ta turo ƙofa da kwano a hannu. Bagonjiya ce, Hausarta ta zango, ba ruwanta da mace ko namiji a magana.

"Kai, Bawku! Kwana biyu ba ka zo ɗauki abinci. Wannan matarka na ƙarfe, har yanzu bai warke ba?"

"Da sauƙi, Hajiya."

"Ƙarya. Fuskarka ya faɗa mini. Ci wasawasa tukuna. In zai mutu, zai mutu bayan ka ci."

Ta tsaya a kaina har na wanke hannu. Kafin in gama ci, na kalli allon na ga abin da nake shirin yi: zan taɓa abu ɗaya tilo da ya rage, ba tare da ina da madadinsa ba. Irin abin da ya kawo ni nan ke nan. Na goge umarnin, na kashe na'urar, na zare wayarta daga bango. Na yanke wa kaina doka cewa ba zan sake rubuta ko ɗigo a kan faifan nan ba sai na kwafe na ukun mai ciwo.

Faifai biyun da na roƙa, ta Yeji aka aiko su, a hannun wani direba. Na hau mota zuwa Makango, inda jirgin ruwan Yeji ke tsayawa, na jira shi. An ce zai iso da hantsi, bai iso ba sai bayan azahar. Na zauna a kan wani kwale-kwale da aka kife, ina kallon mata suna juya kifi a kan waya, hayaƙi yana shiga idona. Kowa a bakin ruwan yana da wanda yake jira ko abin da yake sayarwa, ana ta ciniki da Gonjanci da Tuwi da Hausa. Ni kwali nake jira. Da direban ya miƙo mini shi daga ƙarƙashin kujerarsa, na ga gefe ɗaya ya jiƙe, sai da na buɗe a wurin na tabbatar ledar ciki ba ta huje ba. Na rungume shi a cinya har Salaga, duk ramin da motar ta faɗa sai na ɗaga shi sama.

Kowane faifai a irin wannan tsari yana riƙe da ɗan bayani a kansa: matsayinsa a jeri, da ƙidayar lokacin da ya rabu da 'yan'uwansa. Na karanta na kowanne, na rubuta a takarda, na manna a bayansa. Na biyu an bar shi a baya da nisa, tun damina. Na uku kuwa taku kaɗan ne tsakaninsa da masu lafiya. Ma'ana abin da ke cikinsa bai tsufa ba, in dai zai yarda a karanta shi.

Akwai wata manhaja da aka yi don faifai mai ciwo. Ba ta gardama da shi. Tana kwashe wuraren da ke karantuwa da sauƙi tukuna, ta tsallake masu wuya, sannan ta dawo musu a hankali, ta gaba, ta baya, tana rubuta inda ta tsaya don ko wuta ta ɗauke. Na haɗa na uku da sabon faifai, na ari fankar tsaye wurin mai doya na saita ta a kansa. Kwana huɗu aka yi. Wuta ta ɗauke sau biyu, batirin ajiya ya ba ni 'yan mintunan da na tsayar da aikin da hannuna. Ba abin da zan yi sai kallo. Lamba tana hawa, ta tsaya, faifan ya yi ƙas, ƙas, in riƙe numfashi, ta sake hawa. Na haddace tsagar da ke bangon ɗakin. Na san lokacin da inuwar rumbu ke kaiwa bakin ƙofa. Wani lokaci nakan ji kaina ina cewa "sannu, sannu" a fili, kamar mai jinya.

A rana ta huɗu manhajar ta gama abin da za ta iya. Abin da ya gagara kaɗan ne ƙwarai, in aka gwada da girman faifan bai kai a ambata ba. Amma ban san a kan me ya faɗa ba.

Na ajiye mai ciwon gefe. Na haɗa na ɗaya, da na huɗu, da kwafin na uku, na tilasta wa tsarin ya karɓe su duk da ɗan bambancin ƙidayarsu, na kuma kulle shi yadda karatu kawai zai yi, ba rubutu. Na yi bisimilla na danna. Jakar ta buɗe. Ban yi murna ba tukuna, ban yarda da ita ba. Sai da na kwashe komai zuwa ɗaya sabon faifan, sannan na shiga buɗe hotuna ɗaya bayan ɗaya, gida bayan gida. Na bar na Yendi a ƙarshe saboda tsoro.

Talatin da takwas lafiya lau. Biyu suna da ɗan zane mai toka-toka a gefe, inda ba rubutu. Ɗaya kuwa, ta ashirin da bakwai, rabinta na sama yana nan da tawadar kakan Baba Malam da ramukan gara, daga tsakiya zuwa ƙasa sai toka zalla, shafaffe kamar bangon siminti. Takardar sunayen waɗanda suka rasu a hanya ce.

Na tuna cewa an zuba hoton nan tun na biyu yana da rai, don haka mai yiwuwa gutsuren da ya ɓace yana cikinsa. Na ɗauko shi na haɗa. Ya yi ƙara sau uku, ya yi shiru. Na sake gwadawa da safe, na sake da yamma, na canza waya, na canza mazauni. Bai ko juya ba.

Na buga duka arba'in da ɗayan a takarda mai kauri, na ƙara girman rubutun saboda idonsa, na hau motar Bimbilla. A hanya na shirya maganar da zan yi ta fi sau goma, kowace da "sai dai" da "amma" a ciki. Da na durƙusa a gabansa a zaure duk suka watse.

"Allah ya gafarta Malam, na yi maka ƙarya sau biyu. Na ce ba za su ɓace ba. Na kuma ce haske ne bai yi ba."

Na faɗa masa komai, yadda zan iya. Bai katse ni ba. Da na gama ya miƙo hannu, na ba shi ta ashirin da bakwai. Ya sa tabarau, ya matsa bakin ƙofa wurin haske, ya shafa rabin tokar da yatsa.

"Ashe ita ma na'urar taku tana da gara."

"Tana da ita, Baba Malam."

"Tamu ta fi ladabi. Shekara sittin tana ci, ba ta cinye rabin shafi ba."

Ya yi 'yar dariya, ni ban iya ba. Sannan ya fara karanta na sama a fili, suna bayan suna, da wurin da aka binne kowa. Da ya iso bakin tokar bai tsaya ba, ya ci gaba da ka. Ya kawo suna ɗaya, ya kawo na biyu, na yi maza na ciro biro ina rubutawa. Ya ce bayan su akwai wata mace, wadda ta rasu kusa da wani rafi ta bar jaririya, jaririyar ce ta haifi mahaifiyar babansa. Ya rufe ido. Leɓensa yana motsi. Na jira. Akuya ta leƙo zauren ta koma.

"Sunan ya tafi," ya ce. "Da ina ganinsa a takarda, ban taɓa ɗora wa kaina riƙe shi ba. Bayanta kuma akwai mutum huɗu ko biyar."

Na tambaya ko za a iya tona ramin.

"Bayan damina guda? Kuma wanda aka yi wa sutura ba a tone shi, ɗana."

Can ya ce in gyara zama in ɗora takardar a gwiwa. Ya ce masu kwafi na da, in suka iske wuri ya ɓace ko suka yi kuskure, ba sa ɓoyewa, sukan rubuta a ƙasa don na baya ya sani. Ya yi mini shifta, na rubuta da ajamina mai karkata a cikin tokar: sunaye biyun da ya tuna, sannan cewa a nan akwai sunan mace ɗaya da na wasu mutane, sun ɓace a hannun mai kwafi, ba a hannun mai rubutu ba, wanda ya karanta ya roƙa musu rahama, shi kuma mai kwafi a roƙa masa gafara.

"Sa sunanka."

Na sa.

Ya karɓa ya haɗa da sauran, ya zura su cikin gafakar da tsofaffin suka bari.

"To, Injiniya. Yanzu fa? Ba za su ɓace ba?"

"Ban sani ba, Baba Malam. Na buga kashi uku. Ɗaya naka, ɗaya zai zauna Salaga, ɗaya zan kai Bawku. Ina jin zai yi wuya su tafi tare. Amma ban sani ba."

Ya gyaɗa kai, ya kira a kawo mini ruwa.

Da aikina ya ƙare na miƙa makulli, na tafi gida da kashi na ukun a cikin leda biyu. Mahaifiyata ta buɗe akwatin ƙarfenta, ta ɗaga zannuwan da ba ta ɗaurawa sai da biki, ta sa takardun a ƙasa, ta watsa ƙwayoyin kafur. Ba ta tambaye ni na wane ne ba, ta dai ga rubutun ajami ta sa hannu biyu.

Baba Malam ya rasu bayan shekara biyu. A waya aka gaya mini, ina wani aikin a wani gari. Mataccen faifan nan na biyu yana wurina har yau, a naɗe cikin tsohuwar riga. An ce akwai masu buɗe irinsa a ɗaki na musamman su ciro abin da ke ciki, a wata ƙasa, ba a nan ba. Mai yiwuwa sunan matar yana ciki. Mai yiwuwa kuma gutsuren da ke wurinsa na wani gefen ne dabam. Duk gidan da na koma, shi nake fara sa wa a jaka.